Tsoro Biyu Da Jan Kwali

Wanda ya taɓa ganin tallar Marlboro, ko da a tsohuwar mujalla ne, da ƙyar zai yarda cewa wannan sigari ta yi shekara 30 ana kiranta tabar mata. Amma haka abin yake. A 1924 kamfanin Philip Morris ya fito da ita a Amurka domin matan birni masu hannu da shuni, aka yi mata kirari da cewa laushinta kamar na watan Mayu ne, wato lokacin da sanyi ya wuce a ƙasarsu itatuwa suka fara toho. Daga baya har jan launi aka sa wa gindin karan, don kada jan-bakin mace ya bar tabo a farar takarda. Sunan ma bai haɗa komai da daji ko doki ba. Daga wani titi na Landan aka ɗauko shi, Great Marlborough, inda kamfanin ya taɓa yin masana'anta, shi kuwa Philip Morris ɗin mai shagon taba ne da ya buɗe kasuwancinsa a titin Bond a 1847. Har zuwa farkon shekarun 1950, in aka sha kara 100 a Amurka, na Marlboro bai kai ɗaya ba a ciki.

A 1972 kuwa babu sigarin da ake saye a duniya kamar ta. Abin da ya faru a cikin waɗannan shekaru 20 ya cancanci a tsaya a dube shi, domin labarin zuciyar ɗan Adam ya fi yawa a cikinsa a kan labarin ganyen taba.

Da tsoro abin ya fara. A 1950 masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka wallafa binciken da ya nuna cewa masu ciwon dajin huhu kusan dukkansu mashaya sigari ne. A shekarar dai Ernst Wynder da Evarts Graham suka fito da irin wannan sakamako a Amurka. A 1952 mujallar Reader's Digest, wadda ke shiga miliyoyin gidaje, ta kai maganar gaban talakawa. A 1953 Wynder ya ɗebi baƙar kwaltar da hayaƙin sigari ke bari ya riƙa shafa wa ɓeraye a gadon baya, ƙari ya fito wa da yawa daga cikinsu. Mutane suka tsorata, ciniki ya fara ja baya. A watan Disamba na 1953 shugabannin kamfanonin taba suka taru a otal ɗin Plaza da ke New York, a farkon Janairu na 1954 kuma suka buga sanarwa a jaridu sama da 400 suna cewa ba a tabbatar da komai ba, kuma lafiyar jama'a ce a gabansu.

Maganin da suka miƙa wa masu tsoro shi ne filta, ɗan soson nan da ke gindin kara. Kowane kamfani ya shiga yabon nasa. Akwai ma wani, mai sigarin Kent, da ya yi shekaru huɗu yana cusa asbestos a cikin filtarsa, abin da shi kansa ke haddasa ciwon daji. Sai dai filta tana da matsala a kasuwa: a idon mazan Amurka na lokacin, sigari mai filta kayan mata ce. Namiji na son ya tsira da huhunsa, amma ba ya son abokansa su gan shi da abin da zai nuna ya ji tsoro. Tsoro biyu ke nan a ƙirji ɗaya, na mutuwa da na a kira shi rago.

Wanda ya gane wanne ya fi nauyi a cikin biyun shi ne Leo Burnett, mai kamfanin talla a Chicago, wanda Philip Morris ya ba aikin a 1954. Bai tsaya jayayya da likitoci ba. Ya san duk wanda ya yi ta ambaton magani yana tuna wa mutane ciwo ne. A tallarsa kalmar filta ta fito a taƙaice, kamar abin da ba a damu da shi ba. Sauran filin duka aka bar wa fuskar wani ƙato mai taurin jijiya, da zane a bayan hannu, yana kunna sigari. A 1955 an gwada maza iri-iri, matuƙan jirgin ruwa da na sama da masu aikin ƙarfi. A hankali aka watsar da su duka, aka bar kaboyi shi kaɗai. Da wannan aka ba matsoraci hanyar da zai sayi abin da tsoronsa ke nema, kuma a gan shi a matsayin jarumi. Ni a ganina nan ne gwanintar take, nan ne kuma zaluncin yake, domin an ɗauki raunin mutum an yi masa ado an sayar masa.

Sai kwalin. Wani mai zane, Frank Gianninoto, shi ya fito da shi, kuma ya kamata mutum ya riƙe shi a hannu ya duba. Launi biyu ne kawai, ja a sama fari a ƙasa, farin ya yi tsini ya shiga cikin jan kamar kan ɗaki. Sunan an rubuta shi da baƙi, haruffa dogaye sirara. A tsakiya akwai ɗan tambari mai dawaki biyu, irin na gidan sarauta. Ba takarda mai laushi ba ce kamar ta sauran sigarin zamanin, kwali ne mai tauri da murfi mai buɗewa ta sama, wanda ba ya lanƙwashewa a aljihun mai aiki. Wannan murfi ya yi wani aiki na biyu. Ba a iya zaro kara daga cikin aljihu a ɓoye, dole sai an fito da kwalin gaba ɗaya an buɗe shi a gaban mutane. Mai shan kwali ɗaya a rana zai nuna wa duniya wannan ja da fari sau 20, da kuɗinsa, ba wanda ya biya shi ko kwabo.

A farkon shekarun 1960 aka ba kaboyin ƙasa tasa, aka kira ta ƙasar Marlboro, aka haɗa tallar talabijin da kiɗan fim ɗin The Magnificent Seven. Manyanmu da suka shiga silima a Kano ko Kaduna ko Jos a wancan zamani sun san yadda fim ɗin kaboyi ke sa yaro ya fito yana tafiya da buɗaɗɗun kafaɗu. To a duba abin da ke cikin hoton tallar: mutum ɗaya, doki, duwatsu masu nisa, sararin sama, iska mai tsabta. A duba kuma abin da aka cire. Babu maigida da ke ba shi umarni, babu mai bin sa bashi, babu iyali, babu tari. Mu da muka san kiwo a kusa mun san ba haka yake ba. Mun ga makiyayi da faso a dugadugai, ya yini cikin rana ya kwana yana gadin garke, ga rigimar burtali ga neman mashaya, kuma sau da yawa shanun ma ba nasa ba ne. Kaboyin gaskiya na Amurka shi ma ɗan ƙwadago ne mai ƙaramin albashi. An wanke wahalar tas aka bar 'yancin, aka miƙa wa akawun da ke yini a ofis da leburan da ke tsaye a bakin inji, mutanen da ba su da ko taku ɗaya na fili. Wanda ya fi kowa karɓar saƙon kuwa shi ne yaro ɗan shekara 15 da ke ɗokin a daina kiransa yaro.

Kamfanin ya san da wannan yaro. A cikin takardun sirri da shari'a ta tilasta aka fito da su daga baya, akwai rahoton 1981 na wani mai bincike na Philip Morris, Myron Johnston, inda ya rubuta cewa matashin yau shi ne mai saye na yau da kullum a gobe, kuma mafi yawan mashaya tun suna samari suke farawa. Ba abin mamaki ba ne. Kasuwar da take kashe masu sayenta dole kullum ta nemi sababbi, kuma ɗan shekara 40 ba ya fara shan sigari.

Hukuma ta yi ta ƙoƙarin rufe ƙofa. Ranar 11 ga Janairu, 1964, babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya ce sigari na haddasa ciwon dajin huhu. Ranar Asabar aka zaɓa, don kada kasuwar hannun jari ta rikice. Daga 1966 aka fara buga gargaɗi a jikin kwali. Daga 2 ga Janairu, 1971, aka hana tallar sigari a rediyo da talabijin. Mutum zai ɗauka nan ne ƙarshen kaboyi, sai ya zama nan ne ya fi ƙarfi. Sauran sigari da waƙa da surutu suke talla, da aka rufe musu baki suka rasa abin yi. Shi kuwa tun asali ba ya magana. Aka ɗora shi a kan manyan alluna a bakin hanya da bayan mujallu, shekara ɗaya bayan hanin Marlboro ta zama ta ɗaya a duniya.

Daga nan aka koma wa motocin tsere. Tun 1972 sunan ya shiga gasar Formula One. Daga 1974 zuwa 1996 motocin McLaren fentin kwalin Marlboro suke ɗauke da shi, su Ayrton Senna da Alain Prost suka ci kambunsu a ciki, sannan aka koma Ferrari a zamanin Michael Schumacher. Sigarin da aka kora daga talabijin ta dawo ta yini tana zagaya allon a guje. Da Turai ta hana rubuta sunan, sai aka zana wasu layuka ja da fari da baƙi a daidai wurin, sai a 2010 aka cire su bayan likitoci sun yi ƙorafi. A fim ɗin Superman II na 1980 ma an biya kuɗi aka sa babbar mota mai tambarin Marlboro a tsakiyar faɗa, fim ɗin da yara suka cika ɗakunan kallonsa. Kowane hani sai ya rage wa tallar wani abu, aka rasa murya, aka rasa suna, amma launin kaɗai ya ci gaba da aiki.

Akwai wata dabara da ta fi ba ni takaici, saboda a kan masu son su daina aka ɗana ta. A farkon shekarun 1970 aka fito da Marlboro Lights mai ruwan zinariya, wadda ake ɗauka mai sauƙi ce. Wanda ya ɗaga karanta ya duba filtar a haske zai ga wasu ƙananan huji a jere sun zagaye ta, kamar an tsattsaga da bakin allura. In an sa karan a injin gwamnati mai auna kwalta da nikotin, iska na shiga ta hujin ta sirka hayaƙin, sai injin ya rubuta ƙaramin adadi. Amma mutum ba inji ba ne. Yatsunsa da leɓensa suna toshe hujin, in kuma bai ji abin da jikinsa ya saba ba sai ya ƙara zuƙa da ƙarfi, ya tura hayaƙin can ƙasan huhu. Mutane da yawa da suka yi niyyar ajiye sigari sun koma wannan, suna ganin sun rage wa kansu cuta. A watan Afrilu na 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba 7 suka ɗaga hannu suka yi rantsuwa a gaban kwamitin majalisar Amurka, ɗaya bayan ɗaya suka ce ba su yarda nikotin na kama mutum ba. A 2006 mai shari'a Gladys Kessler ta yanke hukunci cewa kamfanonin, har da Philip Morris, sun yi shekaru masu yawa suna yaudarar jama'a da saninsu, a kan cutar sigari, da kamun nikotin, da maganar sigari mai sauƙi.

Su kuma mutanen da suka ba da fuskarsu fa? Wayne McLaren ya fito a tallar a 1976. Ciwon dajin huhu ya kama shi, aka cire masa huhu ɗaya, ya ƙarar da sauran kwanakinsa yana yawo yana gargaɗin mutane, har taron masu hannun jarin Philip Morris ya je ya roƙe su su rage talla. Kafin ya mutu a 1992 yana da shekara 51, an yi wani ɗan gajeren fim da ya jera hotonsa na kaboyi da hotonsa a gadon asibiti, robobi sun shiga jikinsa ta ko'ina. Da farko kamfanin cewa ya yi bai taɓa fitowa a tallarsa ba. David McLean ya mutu da irin wannan ciwo a 1995. Eric Lawson ya mutu a 2014 da ciwon toshewar huhu. Akwai kuma Robert Norris, mai kiwon shanu a Colorado, wanda ya yi shekaru yana riƙe kara a hoto alhali bai taɓa shan sigari ba, ya bar aikin don kada ya zama mugun misali ga 'ya'yansa, ya rayu har shekara 90. Tun a 1976 gidan talabijin na Thames a Ingila ya yi wani shiri mai suna Death in the West, inda aka nuna kaboyin gaskiya suna fama da numfashi, likitocinsu na faɗin dalili. Sau ɗaya aka haska shi, Philip Morris ya garzaya kotu aka hana sake nunawa.

A 1998 kamfanonin taba suka sasanta da jihohi 46 na Amurka a kan dala biliyan 206 da za su biya cikin shekara 25, a 1999 aka sauke allunan kaboyi daga bakin hanyoyinsu. A 1965 manya 42 cikin 100 ke shan sigari a Amurka, yau ba su kai 15 ba. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, kuma kusan 80 cikin 100 na masu amfani da ita a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. A 2008 aka raba kamfanin Philip Morris biyu, Philip Morris International ya kama kasuwar sauran duniya daga Lausanne ta Suwizalan. A ƙarshen 2011 ya rage farashin kwalin Marlboro a Senegal daga sefa 650 zuwa 400, a ƙasar da yawancin mutanenta matasa ne. Da Uruguay ta sa hoton cuta ya mamaye kwali, ya kai ta ƙara, ya sha kaye a 2016. Ostireliya kuwa ta gano bakin zaren. Daga Disamba 2012 ta ce kowace sigari a kwali iri ɗaya za a sayar da ita, launin ƙasa-ƙasa mai muni, ba tambari, sunan a ƙananan haruffa. Ganyen ba a taɓa shi ba, launi kawai aka ƙwace, amma kamfanin ya ɗauki manyan lauyoyi ya yi shekaru yana shari'a har ya faɗi a 2015. Mai kaya da kansa ya nuna inda dukiyarsa take.

Sunan ya iso yankinmu ta wata mummunar hanya. Shekaru da dama ana fasa-ƙwaurin sigari ta Nijar, ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, kuma Mokhtar Belmokhtar, jagoran 'yan bindigar da suka kai hari a ma'aikatar gas ta In Amenas a 2013, laƙabinsa Mista Marlboro saboda wannan safara. A kan teburan Kano da Zariya kuwa Benson da Rothmans na kamfanin BAT sun fi yawa. Sai dai tarkon ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar allon talla. Kowa ya san zuƙar farko ba ta da daɗi. Yaro zai ƙware, idonsa ya kawo ruwa, kansa ya juya. Jikinsa ya gaya masa gaskiya tun a nan. Abin da ke sa ya sake kai karan baki shi ne muryar abokinsa: "Ja mana, ko tsoro kake ji? Kai ba namiji ba ne?" Wannan tambaya ita ce Burnett ya ɗora a kan doki.

Nijeriya ta yi dokar taƙaita taba a 2015. Dokar ta hana talla, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara ɗai-ɗai. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a wurinmu, kuma shi ne aka fi takawa. A je bakin tasha ko ƙofar gidan kallon ƙwallo bayan isha'i. Mai tebur ya jera alawa da biskit da cingam, a gefensu kwalin sigari a buɗe, ga abin kunna wuta an ɗaure da zare don kada a tafi da shi. Kuɗin kwali ya fi ƙarfin ɗan makaranta, na kara ɗaya kuwa canjin aike ya isa. Gargaɗin da gwamnati ta sa a buga, har da hoton, a jikin kwali yake, kwalin kuma yana hannun mai tebur. Yaron zai iya shekara yana sha bai taɓa riƙe shi ba.

Ba na ɗora wa mai tebur laifin duka, abincin gidansa yake nema. Hukumomin lafiya na jiha da ƙananan hukumomi su ne ya kamata su bi tebur-tebur, kamar yadda duba-gari ke bin gidaje a da, masu unguwanni kuma su mara musu baya. Akwai kuma wanda babu dokar da za ta kai gare shi sai kunyarsa, wato uban da zai miƙa wa ɗansa kuɗi ya ce, "Je ka wurin mai tebur ka karɓo mini kara biyu." Yaron ya riƙo su a tafin hannu tun daga bakin titi har zaure, yana shinshinawa, ya tsaya ya ga mutumin da ya fi girmamawa a duniya ya kunna ya busa. Mai teburin ma ya riga ya san fuskarsa, ranar da ya zo saye wa kansa ba zai tambaye shi na waye ba.